Tambaya da Amsa: Ana iya gano ruɓewar haƙori kafin ya fara ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 9 bai taɓa kukan haƙori ba sai a watan jiya, da muka je asibiti kuma aka ce turminsa ya riga ya yi kogo, sai dai a cire. Na ji an ce akwai na'urorin da ke gano ruɓewa tun ba ta fito fili ba. Shin gaskiya ne? Ina gudun kada ƙannensa su ma abin ya same su. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Gaskiya ne akwai su, kuma abin da ya sa ake buƙatarsu shi ne, ciwo ba ya zuwa sai ɓarna ta yi nisa. Ƙwayoyin cutar da ke cikin dauɗar haƙori suna mayar da sukari ya zama ruwa mai tsami, shi ne yake zaizaye farin ɓawon haƙori a hankali, kuma wannan ɓawo ba shi da jijiya, balle yaro ya ji wani abu.

Na'urar da aka fi sani ita ce DIAGNOdent, ta kamfanin KaVo na Jamus, wadda ta fito a 1998. Likita yana ɗora bakinta a kan haƙori, ta haska jan hasken leza, sannan ta nuna lamba tsakanin 0 da 99. Yawan lambar shi ne yawan zargin ruɓewa. Sai dai tsatsar haƙori da tabo irin na goro suna iya ruɗa ta, don haka ba na son a huda haƙorin kowa saboda lamba kaɗai. Akwai kuma kyamarar da ke ratsa haƙori da haske, wurin da ya lalace ya fito kamar inuwa. Hoton eksire, wanda ake ɗauka bayan mutum ya ciji wani ɗan faifai, har yanzu shi ne abin dogaro wajen ganin tsakanin turame, ko da yake ba ya nuna komai sai wurin ya riga ya zaizayu sosai.

Ba kowane asibiti ke da waɗannan na'urori ba, amma kada hakan ya karya miki gwiwa. Likitan da ya wanke haƙori, ya busar da shi da iska na daƙiƙa 5, ya duba da fitila mai kyau, zai ga alamar farko: ɗan farin tabo kamar alli, marar ƙyalli. A wannan mataki ba a buƙatar ciko, domin man goge baki mai sinadarin fuloraid da rage alewa da lemon kwalba suna iya tsayar da ɓarnar.

Ke ma kina iya dubawa a gida. Sau ɗaya a wata ki ɗaga leɓen kowane yaro a wuri mai haske, ki share haƙoran da tsumma mai tsabta, ki duba gindinsu kusa da dasashi. Idan kin ga tabo fari ko mai ruwan ƙasa, ki kai shi asibiti a makon. Idan ba ki ga komai ba, a riƙa kai su duk bayan wata 6.