Kuɗin wuta na cinye ribar otal ɗina, in sayi na'urar kula da lantarki?

Tambaya: Ina da otal mai ɗaki 24 a Kano. Idan na biya kuɗin wuta na sayi man dizal, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Wani kamfani ya yi min tayin na'urar da ke lura da shan wutar ginin gaba ɗaya, amma tana da tsada. In saya?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ba kai kaɗai ba ne. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, masu otal suke ji a jikinsu, duk da ɗan ragin da aka yi daga baya.

Shawarata, kada ka saya tukuna. Fara gano inda wutar take zurarewa. Sa ƙananan mita guda uku: ɗaya a ɗakunan baƙi, ɗaya a kicin, ɗaya a wajen wanki da guga. Yaronka ya riƙa rubuta lambar safe da yamma har wata guda, tare da litar man da janareta ya sha.

Ina da yaƙinin na'urar sanyaya ɗaki ce za ta fi ci. Ka dubi baƙon da ya fita ƙarfe tara na safe zuwa Kantin Kwari, ya bar ta a kunne a kan digiri 16, ga labule a buɗe rana na dukan taga, sai bayan la'asar ya dawo. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana iya shan kusan yunit tara a awa takwas, wajen naira 1,800 ke nan an sanyaya ɗakin da babu kowa. Ɗaki goma a wata ya haura naira dubu ɗari biyar. Wannan asarar tana damuna ƙwarai, domin maganinta ba shi da tsada: makunnin nan da ake soka wa katin ɗaki, baƙo na zare katin wuta ta ɗauke. Sai dai a raba layin firji, kada abin shan mutane ya ɗumame.

Lokacin da babu ciniki, tara baƙi a hawa ɗaya ka kashe sauran. Babban janareta kuma, idan kayan da yake ja ba su kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ba, mai yake ƙonawa a banza, injin ma yana lalacewa. Nemi ƙarami na dare. Ragar na'urar sanyi a riƙa wanke ta, musamman da hunturu da ƙura ke toshe ta.

Bayan wata uku, kira kamfanin nan ka ajiye musu littafin mitarka. Su rubuta maka yunit nawa za su rage, da wanda zai zo gyara a nan Kano idan na'urar ta tsaya. In kuɗin ba zai dawo cikin shekara biyu ba, gara ka zuba shi a sola.