An ƙi takardar manajanmu a Amurka: mu ɗaukaka ƙara ko mu sake nema?

Tambaya: Ina da kamfanin fitar da zoɓo da citta a Kano, mun kuma buɗe reshe a Houston. Ƙanena ke riƙe da shi da bizar L-1A, wadda ake ba manajan da kamfani ya tura reshensa na Amurka. Mun nema masa takardar zama ta dindindin a rukunin manajojin kamfanonin ƙasa da ƙasa, sai hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta ƙi, wai ba ta gamsu cewa aikin manaja yake yi ba. Lokacin ma'aikatan reshen biyu ne, yanzu shida. Lauya ya ce mu ɗaukaka ƙara. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Amsa: Alhaji, fara duba kwanan watan da ke jikin takardar hukuncin. Kwana 30 gare ku, ko 33 in ta gidan waya aka aiko. Kamfanin ne ke shigar da ƙara, ba ƙanenka ba, a fom I-290B, kuɗinsa dala 800 tun Afrilun 2024, ban da ladan lauya. Ofishin da ya ƙi ɗin shi ke fara sake dubawa, in bai sauya ra'ayi ba ya tura wa ofishin ƙararraki na AAO, wanda ke ƙoƙarin gamawa cikin kwana 180 bayan fayil ya cika a hannunsa.

Amma ni, da abin da ka faɗa, ba zan zuba kuɗina a nan ba. AAO na auna kamfani ne yadda yake ranar da aka miƙa fom I-140, wato takardar neman da aka ƙi. Mutum huɗun da kuka ɗauka daga baya ba sa cikin lissafi, ko da yanzu su ne ƙashin bayan reshen. Haka nan in an taɓa neman wata shaida a wurinku kuka kasa kawowa, da wuya a saurare ta yanzu.

Sharuɗɗan rukunin manajojin, wato EB-1C, ba ɓoyayyu ba ne: mutum ya yi shekara ɗaya yana manaja a kamfanin gida cikin shekaru ukun da suka gabaci tafiyarsa, reshen ya shekara yana kasuwanci, mallakar kamfanonin biyu ta haɗu. Inda 'yan kasuwarmu ke tuntuɓe shi ne ma'anar manaja. A Dawanau, maigidan da ke tsayawa kan sikeli da kansa, ya duba buhu, ya kira direba, ya rubuta rasit, shi ake yaba wa. A can kuwa wannan ƙwazon ne ke kayar da shi. In ƙanenka ne ke zuwa tashar jiragen ruwa karɓar kwantena, ya zaga shaguna da samfur, ya bi bashi a waya, jami'in zai ce shi ne ma'aikacin. So suke su ga yawancin lokacinsa na tafiya kan tsara aiki da sa wasu su yi.

Hanya ɗaya ce za ta sa in canja magana. A hukuncin shari'ar kamfanin Z-A- na 2016, AAO ta ce a riƙa lissafawa da ma'aikatan ƙasar waje da ke yi wa reshen aiki, na kamfanin G- na 2017 kuma ya fayyace cewa mai kula da wani muhimmin sashe na kamfani yana iya zama manaja ko babu tarin mutane a ƙarƙashinsa. To in akantanku da masu haɗa takardun fitar da kaya a Kano umarninsa suke bi tun lokacin, kun kuma sa shaidar a fayil jami'in ya tsallake ta, ƙara na da ƙafar tsayawa. Ka ce lauyan ya nuna maka shafin.

In babu, ku sake nema da sabon tsarin ma'aikata, takardun albashi da na haraji, da bayanin abin da kowa ke yi a mako. Fom I-140 ɗin dala 715 ne, da ƙarin 300 ga kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce 25 ba. Ku kuma lissafa sauran wa'adin bizarsa: L-1A ba ta wuce shekara bakwai, kuma ɗaukaka ƙara ba ya ƙara masa ko kwana ɗaya.