Baffana Ne Zai Biya Mini Karatu a Ingila, Za a Karɓi Takardar Bankinsa Wajen Neman Biza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a arewacin Ingila, za a fara karatu a watan Satumba. Kuɗin makaranta fam 16,000 ne, mun riga mun biya fam 4,000. Mahaifina ya rasu tun ina ɗan shekara shida, baffana ne ya riƙe ni, shi ne kuma zai biya komai. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuɗinsa kullum cikin juyi yake. Zan iya kai takardar bankinsa wajen neman biza? Akwai kuma wani ejan da ya ce in ba shi wani abu ya haɗa mini takardar banki. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya saka wa baffanka da alheri. Riƙon maraya har a kai shi digiri na biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Amsar a taƙaice ita ce a'a, ba za a karɓa ba. Na san wannan yana da ciwo, domin a wurinmu baffa uba ne, shi zai yi maka walicci, shi ake kai wa ƙararka. Amma ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ba da wannan idon take kallo ba. Kuɗin da ɗalibi zai nuna dole ya kasance a asusu mai sunansa, ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko na wanda kotu ta ba riƙonsa a rubuce. Baffa, kawu, yaya, gwaggo, suruki, duk ba sa cikin lissafi, komai yawan dukiyarsu. Asusun shago ko na kamfani ma ba ya shiga. Masu ɗaukar nauyin da aka yarda da wasiƙarsu su ne irin gwamnati, jami'a, ko wata hukumar ƙasa da ƙasa. Shi ya sa ɗaliban PTDF (tallafin karatu na gwamnatin Najeriya) da na Chevening (na gwamnatin Birtaniya) ba sa shan wannan wahala. Kada kuma wani ya tura ka kotu ka yi rantsuwa cewa baffa ne mariƙinka. Takardar rantsuwa daban, hukuncin kotu na ba da riƙo daban, kuma wadda aka yi jiya don neman biza ana gane ta.

Hanyar da take ɓullewa mai sauƙi ce a faɗa: baffa ya zuba kuɗin a asusunka, kuɗin ya kwana 28 a jere ba tare da ya yi ƙasa da adadin da ake buƙata ba, ko da na yini ɗaya.

Bari mu yi lissafinka. Ragowar kuɗin makaranta fam 12,000 ne. Sai kuɗin zama, wanda daga watan Nuwamban 2025 ya koma fam 1,171 a wata ga mai karatu a wajen Landan, ana lissafa na wata tara, wato fam 10,539. Mai karatu a cikin Landan fam 1,529 ne a wata. Jimillar naka fam 22,539. Idan muka ɗauki fam ɗaya a naira 2,000, ya haura naira miliyan 45. Wannan adadi na kuɗin zama ana taɓa shi lokaci-lokaci, a farkon 2025 fam 1,136 ne, don haka ka sake dubawa a shafin gwamnatin Birtaniya kafin ka fara ƙirga kwanaki.

A nan ne nake so ka buɗe kunne sosai, domin a nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Idan kuɗin a naira yake, jami'in biza zai canza shi zuwa fam da farashin OANDA, wani shafin intanet na farashin canjin kuɗi, na ranar da ka miƙa buƙatarka ta intanet, ba farashin ranar da aka zuba kuɗin ba, ba kuma farashin 'yan canjin Wapa ba. Na taɓa zama da wata ɗaliba da ta zuba kuɗinta cif-cif, babu rara. Ta yi haƙuri ta cika kwana 28, ba ta taɓa ko sisi ba. Cikin waɗannan makonni naira ta zame, banki kuma ya yi ta cirar 'yan kuɗaɗensa na saƙon waya da makamantansu. Da muka buga lissafi a ranar da za ta miƙa, sai ga giɓin da bai kai fam 200 ba. Da ta miƙa a haka, da an hana ta. Dole aka ƙara kuɗi, aka sake ƙirga wasu kwana 28 daga farko, ta tsallake da ƙyar. Don haka ina cewa kowa ya ɗora aƙalla kashi 10 cikin 100 a kan abin da ake nema. Wanda ya fi ma, idan da hali, a ajiye kuɗin da fam a asusun kuɗin waje, wanda 'yan banki ke kira dom, ka huta da kallon farashi kowace safiya.

Sai maganar kwanan wata. Ranar ƙarshe da ke kan takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka miƙa buƙata. Ka karɓo ta yau, ka miƙa cikin makon, shi ne kwanciyar hankali.

Na fahimci damuwar baffa. Ɗan Kwari ya kwantar da miliyan 45 wata guda, ga dilar atamfa da shadda na jiran biya, abu ne mai nauyi. Akwai sassauci guda: duk kuɗin makarantar da aka biya jami'a kai tsaye ana cire shi daga lissafi, kuma ba ruwan kowa da wanda ya biya. Idan baffa ya tura wa jami'ar ƙarin fam 8,000, abin da zai zauna a asusunka ya sauko zuwa fam 14,539. Sharaɗin shi ne jami'ar ta rubuta biyan a cikin CAS ɗinka, wato lambar tabbatar da gurbi da take ba ɗalibi, wadda ba a neman biza sai da ita. Kafin ku tura, ka karanta ƙa'idarsu ta mayar da kuɗi idan aka hana biza.

Game da ejan ɗin nan, ɗan'uwa, ka guje shi. Ana tuntuɓar bankuna a tantance takarda. Idan aka kama ta bogi, hanin shekara 10 ne na shiga Birtaniya, kuma kai za a rubuta wa, ba shi ba. Ba za a saurari cewa ejan ne ya yi ba, tunda kai ka tabbatar da cewa duk abin da ke cikin fom gaskiya ne. Bayan haka, duk ƙasar da ka nemi bizarta ta tambaye ka ko an taɓa hana ka, sai ka amsa. Akwai masu wata dabarar ta daban, su ba ka aron kuɗi ya kwana a asusunka su janye bayan an miƙa. Ita ma ba na goyon bayanta. Ana iya kiran ɗalibi hira ta bidiyo a tambaye shi daga ina kuɗin ya fito, me ya sa ya zaɓi wannan jami'a, waɗanne darussa zai ɗauka. Ko an tsallake nan, ranar biyan kuɗin makaranta tana nan tafe. A 2024, bayan faɗuwar naira, an ga ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta, har bizar wasu ta shiga haɗari. Aikin da aka yarje wa ɗalibi awa 20 ne a mako lokacin karatu. Zai ciyar da kai, ba zai biya fam 12,000 ba. Kai kuwa Allah Ya rufa maka asiri, kuɗinka na halal ne, mai shi yana raye. Baffa ya rubuta wasiƙa cewa kyauta ya ba ka don karatu, ka ajiye ta tare da shaidar turo kuɗin, ko da za a tambaya.

Akwai wasu kuɗaɗen da ba sa cikin lissafin can, kuma kada a taɓa na asusun don biyan su. Kuɗin biza fam 524 ne a 2025. Kuɗin kula da lafiya fam 776 ne a shekara, amma mai digiri na biyu na shekara ɗaya yakan biya fam 1,164, saboda bizarsa ta haura shekara. Idan aka hana biza ana mayar da na lafiyar, na bizar kuwa ya tafi. Sai gwajin tarin fuka, wanda dole ne ga mai zuwa daga Najeriya, kuma a asibitin da suka amince da shi kaɗai, irin na IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja da Legas. Takardar tana aiki wata shida.

Ka kuma jera fasfo, takardar digiri da asusun banki a gabanka ka duba sunanka harafi-harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan gari ya zama sunan mahaifi a wata takardar, wannan ciwon namu ne, kuma gyaransa yana cin lokaci.

Ana iya miƙa buƙata tun wata shida kafin fara karatu, amsa kuma takan fito cikin mako uku bayan an ɗauki hoton yatsunka, sai dai Agusta lokacin cunkoso ne. Shawarata, ka je wurin baffa da kalanda a hannu, ku tsayar da ranar zuba kuɗin a farkon Yuni, ka yi gwajin tarin fuka cikin kwanakin jira, ka miƙa a Yuli da zarar CAS ya fito. Idan ya ce kasuwa ba za ta bari ya saki kuɗin a lokacin ba, ka rubuta wa jami'ar tun yanzu ka tambaye su ko kwas ɗinka yana da shigar watan Janairu, su ɗage maka gurbin da kuɗin da kuka riga kuka biya.