Ɗinkin guringuntsin gwiwa: wace hanya ta fi?

Tambaya: Likita, ina ɗaukar kaya a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Na murɗe gwiwa wajen ƙwallo a Agege, hoton MRI ya nuna guringuntsin ciki ya yage. An ce ko a yanke wurin ko a ɗinke. Yaya ake ɗinkin, kuma wanne zan zaɓa? Shekarata 26.

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah Ya ba da lafiya. Kowace gwiwa tana da guringuntsi biyu tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, su ke rarraba nauyin jiki. Idan aka cire su, ƙashi kan goge da wuri, ciwon gaɓa ya biyo baya. Wani likitan ƙashi mai suna Fairbank ya nuna haka tun 1948. Saboda haka a shekarunka, in dai yagewar za ta ɗinku, ni ɗinki nake so.

Sai dai zare ba ya warkarwa, riƙewa kawai yake yi. Jini ne ke haɗe nama, kuma gefen waje na guringuntsin kaɗai jini ke kaiwa, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Yagewar da ke can tana kamawa. Wadda ke bakin ciki, inda babu jini, galibi datsewa ake yi.

Ana aikin ne da ƙaramar kyamara ta ƙananan huji. Hanyar da aka daɗe ana dogara da ita ita ce ta ciki zuwa waje: a tura dogayen allurai masu zare daga cikin gwiwa, a ɗan tsaga fata ta gefe, a kamo su a ƙulla. Tana da kyau ga doguwar yagewa irin wadda ke naɗewa ta kulle gwiwa, amma tana buƙatar kulawa saboda jijiyoyin da ke bi ta wurin. Idan yagewar ta gaba ce, daga waje ake soka allura zuwa ciki. Ta baya kuwa, akwai na'urar da ke gama komai a ciki, da ƙananan maƙalai a bakin zaren. Ta fi sauri, ta kuma fi tsada. In saiwar guringuntsin ce ta tsinke, wato inda ya manne da ƙashi, sai an huda ƙashin ƙwauri a jawo zaren ta ciki.

Yadda zaren ya zauna ma yana da muhimmanci. Zarurukan naman guringuntsin kansa kewayawa suke yi, don haka ɗinkin tsaye yana rungumar su kamar ɗaurin damin kara, ya fi na kwance ƙarfi. Wurin yagewa ne ke zaɓar hanya, sau da yawa ma akan haɗa biyu a gwiwa ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne sana'arka. Bayan ɗinki za ka yi kamar mako 4 zuwa 6 da sanduna, tsuguno kuma sai bayan wata uku zuwa huɗu. Sallah a kan kujera, ban-ɗaki na zama. Ba kowane ɗinki ke kamawa ba, kuma komawa ɗaukar buhu da wuri na iya tsinke shi. Ka shirya wannan da iyalinka kafin ranar tiyata.

Kada ka kai wa mai ɗori, ba karaya ba ce. Ka tambayi likitan ƙashi, ko a asibitin ƙashi na Igbobi ko wani asibiti, ko jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, ta tsira, domin in ta tsinke gara a gyara su tare. Idan gwiwar ta kulle ta ƙi miƙewa, ka je a makon nan.