Gas ko gawayi, wanne ya fi cin kuɗi? Amsoshin tambayoyinku

Salamu alaikum jama'ar zango. Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan wuta suka faɗo, toh bari mu tafi kai tsaye.

Wata mai sana'ar waakye a Aboabo ta ce: "Da gawayi nake girki kullum, 'yata ta dame ni in koma gas, ni kuma in na ji kuɗin cika silinda sai gabana ya faɗi. Tsakani da Allah wanne ya fi araha?"

Hajiya sannu da ƙoƙari. Inda mutane ke ruɗewa shi ne a ɗauki kuɗin buhu a jera da kuɗin silinda a ce wannan ya fi wancan, alhali abin da kike biya wa kuɗi shi ne zafin da ya shiga tukunyarki, wanda ya bi iska kuwa asara ce. Masana suna auna zafi da wani ma'auni da ake kira megajul. Kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana ba da wajen megajul 46, gawayi mai kyau 28 zuwa 30, busasshen itace 15 ko 16. Toh amma ba duka ke isa tukunya ba, murhun gas mai lafiya yana kai wajen rabi ko sama da haka, shi kuwa kurfotin ƙarfe zalla irin namu na gado da kyar yake kai kashi ɗaya cikin biyar, sauran ya tafi wajen gasa ƙarfen da ƙafafunki da duk wanda ya tsaya layi. Kinga rabin 46 shi ne 23, kashi ɗaya cikin biyar na 29 kuma bai cika 6 ba, ke nan kilo ɗaya na gas yana yin aikin gawayi wajen kilo huɗu. Babbar silinda mai kilo 14.5 ta tashi kusan kilo 58 na gawayi.

Yanzu abin da za ki yi, ki sa yaro ya ɗora buhunki a sikelin rataye ki san kilo nawa ne da gaske, ki fitar da kuɗin kilo huɗu, ki gwada da kuɗin kilo ɗaya na gas a ranar. Ba zan rubuta farashi a nan ba don na gas duk sati biyu ana iya taɓa shi, na gawayi kuma da damina ta kankama sai ya haura.

In ra'ayina kike so, kar ki yar da ɗaya gaba ɗaya. Waken nan da yake ɗaukar awoyi ki bar shi a gawayi, amma ki sayi murhu mai yumɓu a ciki irin Gyapa, yumɓun yana riƙe zafi maimakon ya watsar ta gefe, za ki ga gawayin da kike zubawa ya ragu. Miya da shito da suyar kifi da ɗumame kuwa gas ya fi, don kina gamawa kin kashe, shi gawayi ko kin sauke tukunya yana nan yana cin kansa. Sannan dan Allah murfi. Ruwa in ya tafasa ba ya wuce digiri 100 ko kin ƙara wuta har ta lashi bakin tukunya, ƙarin wutar tururi kawai yake yi, kuma mayar da lita ɗaya tururi yana cin zafi fiye da sau bakwai na abin da ya kawo ta tafasa tun farko. Ki jiƙa wake tun dare, ya tafasa ki rage wuta ki rufe. In za ki sayi silinda ki duba nauyinta in babu gas a ciki, wanda aka buga a jikinta, a cika ki auna, abin da ya ƙaru shi ne kuɗinki. Regileta da tiyo kar ki sayi na bakin titi don arha, kuma ki shafa ruwan sabulu a mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Wanda ya tuna gobarar gidan sayar da gas na Atomic Junction a Accra a 2017 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wani magidanci daga Asawase: "Masu gawayi biyu ne a layinmu, buhu iri ɗaya amma na ɗaya ya fi arha sosai. Madam ta ce mai arhan ba ya jimawa, ni na ce hannunta ne."

Malam, ina jin Madam ta fi ka gaskiya a wannan. Da buhu ake sayar da gawayi amma zafinsa da nauyi yake tafiya. Kilo ɗaya na gawayin itace mai tauri da kilo ɗaya na mai taushi zafinsu bai yi nisa da juna ba, sai dai mai taushin fanko ne, ya cika buhu ba nauyi, shi ya sa yake ƙarewa da wuri. Na marke da kirya su ne masu nauyi, in ka buga guda biyu za ka ji ƙara siririya, ka karya ka ga cikin baƙi wuluk yana sheƙi. In cikin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa bai gama zama gawayi ba, hayaƙi zai yi ta yi. Na kaɗanya ma yana da kyau ƙwarai, amma ni ba na son a riƙa nemansa, itacen da matan arewa ke cin abinci da man sa ne ake sarewa.

Nauyi kaɗai ma kar ya ruɗe ka, motocin da ke sauko da shi daga su Kintampo da Atebubu ruwa yana dukan kaya a hanya, jiƙaƙƙen gawayi yana da nauyi amma ruwa ka saya, kuma sai wutar ta fara ƙona ruwan kafin ta waiwayi tukunya. Ka zura hannu can ƙasan buhu ka ji gari nawa ne. In kana so gardama ta ƙare a gida, ku auna rabin kilo daga kowane mai gawayi, kurfoti ɗaya, tukunya ɗaya da murfi, ruwa lita biyar, ku duba agogo minti nawa ya tafasa kuma minti nawa ya ci gaba da tafasa kafin wutar ta mutu. Wanda ya faɗi shi zai sayi koko da ƙosai gobe.

Wani ɗalibin sakandare daga Tafo: "Mun ƙona sifirit a ƙarƙashin gwangwanin ruwa don auna zafinsa, abin da muka samu bai kai na littafi ba ko kusa. Jabu aka sayar mana, in sayi wani?"

Ɗana ajiye kuɗinka. Lissafin dai ka san shi, kilojul 4.2 ke ɗaga zafin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya, sai ka ninka da nauyin ruwan da digirin da ya ƙaru, ka raba da giram ɗin sifirit da ya ƙone. Matsalar ita ce lissafin yana ɗauka duk zafin ya shiga ruwa, alhali wani ya bi iska, wani ya tsaya a gwangwani, wani sifirit ɗin ma ya tashi daga lagwani bai ƙone ba, in kuma ka ga baƙi a gindin gwangwani toh ƙonewar ba ta cika ba. Lambar littafi, wajen kilojul 30 a kowane giram na etanol, wato ainihin sinadarin sifirit, da wata na'ura ake samunta: ɗan tulun ƙarfe mai kauri, a sa wajen giram ɗaya na abin, a matsa iskar oksijin zalla a ciki, a rufe gam a nutsa shi cikin ruwa, a kunna da wayar lantarki, zafin ba inda zai je sai ruwan da tulun. Giram ɗaya na gawayi a ruwa lita biyu wajen digiri uku kawai zai ɗaga, shi ya sa ma'aunin zafin na'urar yake karanta har ɗigo-ɗigo. Kai dai ka kare wutar daga iska, ka matso da gwangwani, ka rufe shi, ka riƙa juya ruwan, ka auna nauyin fitilar sifirit ɗin nan take da ka kashe. Zai matso amma ba zai kai ba, kuma bayanin dalilin shi ne abin da malaminka yake son gani a rahoton.

Ta ƙarshe daga wata amarya a Sawaba: "Wutar gas ɗina ta koma ja-ja tana baƙanta min tukwane, in sayi sabon murhu? Kuma in ana ruwa ina shigo da kurfoti ɗaki, ba komai?"

Ƙanwata ba sai kin sayi sabo ba tukuna. Wuta shuɗiya alama ce gas yana samun iska isasshiya yana ƙonewa sarai, in iska ta gaza sai ta koma ruwan ɗorawa ta fara baƙi, baƙin nan kuma gas ne da kika biya bai gama ƙonewa ba. Yawanci miya ce ta zuba ta toshe ƙananan ramukan kan murhun. Ki kashe daga silinda, ya huce, ki cire kan ki wanke da buroshi ki tsokale ramukan, ya bushe sosai ki mayar daidai mazauninsa. In bai gyaru ba ki kira mai gyara ya duba mashigar iska ta ƙasa.

Maganar kurfoti a ɗaki kuwa a'a, akwai komai. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Da ciwon kai da jiri da kasala take farawa, mai barci kuwa ba zai ma ji ba. Ki girka a baranda inda iska ke ratsawa ko da feshin ruwa zai ɗan taɓa ki, kuma ko garwashin ya yi kamar ya mutu kar ya kwana a ɗaki. In wani ya fara jiri kusa da gawayi a fitar da shi waje nan take a wuce asibiti, a gaya musu hayaƙin gawayi ya shaƙa.