Minti 17 da aka mayar wa fim

Yaro, jiya muna rufe shago ka tsare ni da tambaya, sanyin Jos ya hana ni tsayawa in amsa maka. Ka ce ka samo faifai biyu na fim ɗin Aliens a Terminus, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kana son sanin wanne ne na ainihi, kuma a ganinka dogon ya fi tunda ba a rage masa komai ba. To, ga amsarka.

Duka biyun aikin James Cameron ne. Wanda aka haska a silima a 1986 minti 137 ne. Dogon, mai minti 154, sai a 1991 ya fito a faifan LaserDisc don masu kallo a gida. Mai gidan silima so yake fim ya ƙare da wuri ya sake cika kujeru, shi kuwa wanda ke kishingiɗe a ɗakinsa da rimot a hannu ba inda za shi.

Kafin ka fara ƙirga mintuna, duba tsarin faifan. Silima firem 24, wato hotuna 24 a jere, take gudu a daƙiƙa, tsarin talabijin na PAL da muke amfani da shi a nan kuwa 25 ne. Saboda haka fim mai minti 137 zai nuna maka 131 da ɗoriya, ba tare da an taɓa ko firem ɗaya ba. Ina yaron shago kamarka na taɓa kashe yini guda ina neman fitowar da babu wanda ya cire, maigidana yana kallona yana dariya bai ce uffan ba sai da aka kira magariba.

Aikin kansa ba wuya. Ɗora su biyun a kwamfuta, dogon a sama, gajeren a ƙasa, ka daidaita gudunsu, ka haɗa kansu daga firem na farko. Duk inda suka rabu ka yanka na ƙasa ka bar gurbi. Ka sa kunne sosai, don sau da yawa kiɗa ke fara tona asirin wurin da aka yi ɗinki kafin ido ya gani.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne cikin guraben nan. Akwai fitowar da Ripley, jarumar fim ɗin, ke zaune bayan ta farka daga barcin shekara 57, aka miƙa mata hoton wata tsohuwa aka ce 'yarta ce, ta riga ta rasu tana da shekara 66. Yarinyar da ta bari da alkawarin za ta dawo kafin ta cika 11. (Hoton ma na ainihin mahaifiyar Sigourney Weaver ne, wadda ta fito a matsayin Ripley.) Fitowar 'yar ƙarama ce, amma da ita komai na gaba ya sake ma'ana. Yadda Ripley ta rungumi marainiyar nan Newt, yadda ta koma cikin gidan dodanni ita kaɗai don ɗauko ta, a gajeren fim tausayi ne da jarumta. A dogon kuwa uwa ce da ta rasa 'ya ta ƙi yarda a sake yi mata. Da ni ke riƙe da almakashi a 1986, da wannan ba ta fita ba, ko da furodusa zai yi fushi.

Amma dubi ɗaya ƙarin, inda aka nuna mazauna LV-426, duniyar da dodannin suke, suna harkokinsu, yara na wasa, iyayen Newt suka je suka gano wani tsohon jirgin sararin samaniya, aka jawo uban da wata halitta manne a fuskarsa. An ɗauke ta da kyau, ban musa ba. Sai dai ta sace wa mai kallo tsoronsa. A gajeren, tare da sojojin da aka tura bincike kake shiga wurin a karon farko, ruwa na zuba, ba kowa, ba ka san me ya cinye mutanen ba. A dogon ka riga sojojin sani, kana zaune kana jiran su iso inda kake. Wannan ni da na bar ta a kwando.

Bindigogin nan masu harbi da kansu, da lambar harsashi ke raguwa a allo, suna da daɗin kallo, amma ko babu su labari bai rame ba.

Kuma kada rubutun bayan kwali ya ruɗe ka. Alien na Ridley Scott na 1979, da aka sake fitar da shi a 2003 da sunan yankan darakta, ya ma fi na farkon gajarta kaɗan duk da sabbin fitowar da aka saka.

Gobe in an kawo wuta ka jera su yadda na faɗa, ka rubuta kowane gurbi da mintinsa, a gefe ka sa abin da mai kallo ya sani kafin fitowar da abin da ya sani bayanta. Sannan ka ɗauko bidiyon bikin Unguwar Rogo da ka ce ba abin cirewa a ciki, mu zauna a kansa tare.