Amsa ga mai tambaya kan rarrabuwar hankali a wurin aiki

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taya riƙo. Ka ce tun da aka ba ka shugabancin sashe, kana zaune a mitin amma hankalinka na kan waya da aikin da ka baro, ga saurin fushi da na ƙasa da kai.

Ka kwantar da hankalinka, wannan ba lalacewar hali ba ce. A 2010 masana biyu na Jami'ar Harvard, Killingsworth da Gilbert, sun bibiyi mutum sama da 2,000 ta wayoyinsu, suka gano kusan kashi 47 cikin 100 na lokaci tunanin mutum ba ya kan abin da yake yi. Zuciya dole ta yi yawo. Abin da ake koyo shi ne gane tafiyarta da wuri, a dawo da ita. Duk mai sallah ya san haka: ana raka'a ta biyu sai ka tsinci kanka a kasuwa.

Ka fara da minti goma kullum da safe, kafin ka taɓa waya. Ka zauna ka miƙe bayanka, ka ƙirga numfashi daga ɗaya zuwa goma. In ka ɓace a huɗu, ka koma ɗaya ba tare da zargin kai ba, domin komawar ita ce horon. Shirin horar da natsuwa don rage damuwa da masani Jon Kabat-Zinn ya kafa a Amurka a 1979 na mako takwas ne, minti 45 a rana, amma mai farawa da haka shi kaɗai ba ya cika kai mako. Kada ka yi bayan abincin rana, gyangyaɗi za ka yi.

Inda ya fi muhimmanci shi ne tsakanin aiki da aiki. Wani sashe na hankali yana maƙalewa a aikin da ba a kammala ba, shi ya sa kake shiga mitin da rabin kai. Kafin ka tashi, ka rubuta layi ɗaya: ga inda na tsaya, ga abin da zan yi in na dawo. Mitin na awa ɗaya kuma a tashe shi a minti 50. Wayar ta shiga durowa. Kife ta a kan tebur ba ya magani, ido yana komawa kanta.

In ma'aikaci ya shigo da magana, ka juyo da kujerarka, ka ɗauke hannu daga kwamfuta, ka ba shi minti biyu ba katsewa. Sannan ka maimaita masa: "Idan na fahimta, kana nufin kaza." Yawancin shugabanni a nan suke faɗuwa, ana magana suna haɗa amsa a zuci, kuma na ƙasa yana gani a fuska. In ba ka da lokaci, gara ka ce ya dawo bayan la'asar. Taura biyu ba ta taunuwa.

Fushi kuwa a jiki yake fara sallama: muƙamuƙi ya ɗaure, kafaɗa ta ɗaga, ƙirji ya yi zafi. Da ka ji haka, ka shaƙi iska kana ƙirga huɗu, ka fitar kana ƙirga shida, sau uku. Hadisi ma ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna. Saƙon da ya ɓata maka rai, ka bari sai an yi awa ɗaya kafin ka amsa.

Sai dai natsuwa ba ta rage yawan aiki. In mutum uku ne ke ɗauke da aikin mutum shida, kada ka ce su je su yi numfashi, ka gyara rabon aikin. In kuma zaman shirun yana taso maka da fargaba ko tsohon ciwon rai, ka dakata ka ga likita.